Kiɗan "Turkawa" da Mozart ya yi a fiyano

Tambaya: Salamu alaikum Malam, dan Allah akwai wani kiɗan fiyano mai sauri da nake yawan ji a wayoyin mutane in an kira su, an ce min sunansa Rondo alla Turca kuma wai Mozart ne ya yi shi. To me ya haɗa Bature da Turkawa? Kuma iya tsawonsa kenan?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Wanda kike ji ɗin nan wutsiyar ce kawai, shi ne kashi na uku na wata sonata mai lamba K. 331 da Mozart, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Ostiriya, ya rubuta wajen 1783, aka buga ta a Viyana, babban birnin ƙasar, a 1784. Sonata dai kiɗa ne zalla ba murya, ana yinsa kashi-kashi, kowanne da nasa yanayin.

Maganar Turkawa kuwa, ai sojojin Daular Usmaniyya ta Turkawa sun yi wa Viyana ƙawanya a 1683, shekara ɗari kenan kafin wannan kiɗa, kuma dakarunsu na Janisari suna tafe ne da makaɗansu, manyan ganguna da kuge da algaitu, to bayan tsoron ya wuce sai mutanen garin suka shiga sha'awar wannan amon har ya zama yayi. Shi Mozart kwaikwayo ya yi da kunnen mutumin Ostiriya, ba ainihin kiɗan Turkawa ba ne. Ki kasa kunne wa hannun hagun mai kaɗa fiyanon in an zo wurin nan mai ƙarfi, za ki ji yana burgo sauti, brrram, brrram, tam tam tam, kamar an saukar da gula a kan ganga, hannun dama kuma yana ta guje-guje a sama. Daga baya ma har fiyano aka riƙa ƙerawa da abin takawa da ƙafa mai buga ganga da ƙararrawa a ciki.

Amma ni wallahi kashi na farko ne yake taɓa min zuciya, kuma shi ne mutane suke tsallakewa. Da wata 'yar karin sauti yake farawa mai laushi tana lilo kamar uwa na jijjiga jariri a baya, sai ya yi ta sauya mata kaya har sau shida. A ta uku sai ki ji gari ya yi duhu kamar hadari ya taso, a ta huɗu hannun hagu na tsallake na dama ya taɓo can sama, ta biyar kuma a hankali take tafiya kamar mai rarrashi. Kashi na biyu na sonatar, wato na tsakiya, kiɗan rawar fada ne, minuwet.

In za ki nema, ki nemi sonatar gaba ɗaya, kuma ki kauce wa masu gudu da kashi na ukun kamar ana korarsu. Allegretto aka rubuta a kansa, wato sauri kaɗan, takun sojan da ke fareti.