Wa ya kamata ya riƙe aji idan malama ta tafi hutun haihuwa?

Tambaya: Malam, daga Tahoua nake. Madam ɗin ɗana ta ajin CI, wato ajin farko na firamare, ta tafi hutun haihuwa, sai darakta ya kawo wani saurayi mai birbe ya riƙe ajin. An ce kar in damu, ai yara ne ƙanana, kuma wai za a yi dokar da za ta gyara. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Hajiya, kina da gaskiya. Birbe shaidar gama kwaleji ce, ba ta koyarwa ba. Takardar malanta ita ce CFEEN, wadda ake samu a makarantar horar da malamai irin Kaocen ta nan Tahoua, yanzu ma da bak, shaidar gama lise, ake shigarta.

Maganar nan ta "ai yara ne ƙanana" ita ke ci mini tuwo a ƙwarya, kullum sai na ji ta, har daga bakin daraktoci. Babu ajin da ya kai CI wuya. Yaro ya baro gida da Hausa ko Tamashek, an tare shi da Faransanci, ga alli bai iya riƙewa ba. Wanda bai samu horo ba zai rubuta baƙi a allo, yara su yi ta rera shi, iyaye na wucewa su ji aji ya ɗau amo su ce ana karatu. Ki rufe hoton da ke littafin, ki nuna wa yaron kalma ɗaya, sai ya yi zuru. Hutun haihuwa mako 14 ne, kusan zango guda ke nan, a shekarar da ake kafa tushe. Mun ga inda sakaci ya kai mu: tun 1998 ake cika azuzuwa da 'yan sa-kai, daga baya 'yan kwantaragi, da aka jarraba su a 2017 kusan ɗaya cikin uku ne kawai ya samu rabin maki. Ba laifin matasan nan masu neman abinci ba ne, laifin wanda ya miƙa musu alli ba horo ne.

Batun doka kuwa, an daɗe ana zancen kawo ƙarshen kwantaragi, amma zancen taro ba ya shiga aji sai takarda ta sauka ofishin sufeton makarantu. Kar ki jira.

Ku je da kwamitin makaranta wajen darakta, ku roƙi a sauko da gogaggen malami zuwa CI, saurayin ya koma ajin da yara suka riga suka iya karatu, mai ba malamai shawara yana leƙa shi. In darakta ya ƙi, ku kai maganar gaban sufeto.