Shin poker wasa ne ko caca ce?

Malam, ka tambaya ko za a iya sa poker a sahun wasanni irin su ƙwallo da dambe, tunda tashoshin wasanni suna nuna shi. A ganina a'a. Karta ce, kuma da zarar an zube kuɗi a tsakiya ta zama caca, ko da kuwa a babban otal a Maitama ake yin ta. Gaskiya akwai gasar duniya da ake yi a Las Vegas ta Amurka tun 1970, amma har yau poker bai shiga gasar Olamfik ba.

Ban ce babu ƙwarewa a ciki ba, akwai lissafi da iya karanta fuskar abokin karawa. Sai dai na zauna da masu bugawa a wani lambu a Wuse, na ga gwanin da kowa ke shakka ya tashi aljihu wayam, wani yaro da bai fi wata biyu da koyo ba ya kwashe kuɗin, don kawai katin ƙarshe ya faɗo masa daidai. A dara ko dambe, yaushe sabon shiga zai yi wa gwani haka? In da ƙwayar wake kuke bugawa don nishaɗi, to wannan kam sai in kira shi wasan ƙwaƙwalwa.