Allon rediyon mota ya mutu, mai rewaya ya ɗaure fis da waya: akwai hatsari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da Toyota Camry 2013 da aka shigo da ita daga Amurka. Makon jiya allon rediyon ya ɗauke gaba ɗaya, ba hoto ba sauti. Mai rewaya ya ce fis ne ya ƙone. Ya sa sabo, nan take ya sake ƙonewa, sai ya ɗaure wurin da siririyar waya, allon ya dawo. Bayan kwana uku ya sake mutuwa, kuma ina jin wari kamar ana ƙona leda, da safe kuma batir ya sauka. Yanzu ya ce in sayi sabon allo. Da motar nan nake kai yara makaranta, hankalina ya tashi. Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka ƙarasa karanta wannan amsa, je ka kashe motar, ka cire kan batir na nagatif, mai alamar ragewa, kuma kada ka sake ɗora yaran a cikinta sai an cire wayar nan. Hankalinka bai tashi a banza ba. Warin nan rigar wayoyi ce ke narkewa a bayan dashbod, saukar batir cikin dare kuma shaida ce cewa wuta na zuba ko an zare makulli.

Da a ce allon duhu kawai ya yi, da aikin mai sauƙi ne. Idan sauti na fita, a fara taɓa allon ko a duba saitinsa, don rediyoyin Toyota da yawa suna da zaɓin kashe hoto a bar sauti. Idan ba haka ba, a haska tocila a jikin gilashin: in ana hango rubutu dishi-dishi, fitilar bayan allon ce ta mutu, kuma ana gyara ta. A sa ribas ma a gani, in hoton kyamara ya fito to gilashin lafiyarsa lau. Allon Android da ake ɗorawa a kasuwa kuwa yawanci yana da ɗan rami da aka rubuta RST, a danna shi da tsinke. Naka ba ya cikin waɗannan. Ba hoto ba sauti, ga fis na ƙonewa, wannan maganar layin wuta ce.

Ga abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Kusan kullum sai an kawo min mota da fis ɗaure da waya, ko da takardar azurfa ta kwalin sigari, ko an cire na 10 an cusa na 30, wai “wannan ya fi ƙarfi”. Wa ya ce ana son fis mai ƙarfi? An ƙera shi ne ya zama wuri mafi rauni a layin, domin in wuta ta wuce ƙima shi ya tsinke, wayoyin su tsira. Da fis na biyu ya ƙone nan take, motar ta gama yi wa mai gyaran bayani: wata waya na taɓa bodi, ko wani abu ya haɗe a cikin rediyon. Shi kuwa sai ya toshe mata baki ya karɓi kuɗinka.

Lambar da ke kan fis ba ado ba ce, yawan wutar da zai iya ɗauka ce a ma'aunin amfiya, kuma kaurin wayar layin aka auna aka sa ta. Shi ya sa aka bambanta launinsu: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Zafin da waya ke ɗauka kuma ba a hankali yake hawa ba. In wutar ta ninka biyu, zafin ya ninka huɗu. In ta ninka uku, ya ninka tara. To layin da aka yi wa fis na 10, ka ba shi damar ɗaukar 30, me kake jira? Wayar tagullar da aka ɗaure ta fi muni, domin babu wanda ya san a nawa za ta tsinke, batirin mota kuwa yana iya zuba ɗaruruwan amfiya a lokaci guda. Sai wayar motar ta zama ita ce fis ɗin, tana kwance cikin dami ɗaya da wasu gommai, kewaye da roba da soso. Rediyo kuma layi biyu ke ba shi wuta, ɗaya ta makulli, ɗaya kai tsaye daga batir dare da rana. In na biyun aka ɗaure, kamar yadda saukar batirinka ke nunawa, gobarar na iya tashi kana barci, motar na cikin gida. Sannan a ce asiri ne, ko motar Amurka ba ta jure zafinmu. Ni na sha kwance dashbod in tarar da dami guda ya narke ya zama dunƙule, duk saboda fis ɗin da bai kai kuɗin lita ɗaya ta mai ba.

Abin da za a yi shi ne a kai ta wurin mai wutar mota da ke aiki da mita, wato na'urar auna wuta. In ka ga ba shi da komai sai ƙwan fitila da filaya, ka wuce gaba. A cire wayar da aka ɗaure, a duba ramin fis ɗin ko ya narke. A zare soket ɗin bayan rediyon gaba ɗaya, sannan a sa fis mai lambar da aka rubuta a murfin akwatin, a mayar da batir. In ya ƙone alhali rediyon ba ya jone, matsalar a wayoyi take, kuma sabon allo ba zai magance komai ba. In ya zauna lafiya sai da aka jona rediyon, to a cikinsa take, a buɗe shi a duba ɓangaren da wuta ke shiga kafin a yi maganar saye.

Ka tuna masa duk abin da aka taɓa ƙara wa motar: taraka (na'urar bin sawun mota), cajar waya, amfilifaya, kyamarar gaba. Masu sawa sun fi son satar wuta daga layin rediyo, su murɗa waya da hannu su naɗe da salatif, zafin Afrilu ya sassauta gam ɗin, bakin wayar ya taɓa ƙarfe. A nan na fi samun laifin, sai kuma ɓera. Duk wayar da ta narke a yanke ta a sa sabuwa mai kauri ɗaya, a yi mata dalma, kada a naɗe ƙonanniyar a mayar. Bayan an gama a auna batirin: kusan volt 12.6 in injin na kashe, tsakanin 13.5 da 14.5 in yana aiki. Kada ka yarda ya cire kan batir injin na aiki da sunan gwada caji, wannan kaɗai ya isa ya kashe allon da ya rage da rai.