Tambaya da Amsa: Kayan Waje Masu Araha da Aikin da Ke Bin Fata Zuwa Ƙetare

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina jin ana cewa kamfanonin Amurka da Turai sun kwashe aikinsu sun kai Sin. To idan can ake yi musu kaya, me ya sa nasu ke da ƙarko, namu kuwa da ke fitowa daga ƙasa ɗaya ba sa kai wata uku? *Ɗan kasuwa, Babbar Kasuwar Sakkwato*

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da ka ji gaskiya ne, kuma ya ƙara ƙarfi bayan Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disamban 2001. Kamfani yakan riƙe sunansa da zanensa da tallarsa, ya ba wata masana'anta kwangilar ƙira. Wayar iPhone ta kamfanin Apple ce, amma wani kamfani mai suna Foxconn ne ke harhaɗa mafi yawanta. Arhar ladan ma'aikaci ce ta fara jan su, kuma arhar nan wani ne ke biyan ta: a 2013 benen Rana Plaza ya rufta a Bangaladesh da masu ɗinka wa manyan kantunan Turai tufafi, mutum fiye da 1,100 suka rasu.

Bambancin da kake gani yana cikin oda. Babban kamfani yana rubuta kaurin ƙarfe da irin roba da gwajin da kaya za su ci, ya aika mai dubawa, ya mayar da abin da bai cika ba. Ɗan kasuwarmu kuwa yakan isa birnin Gwanju na ƙasar Sin da samfur a hannu ya ce a rage masa kuɗi. Mai masana'anta ba zai yi asara ba. A jikin kayan zai cire ragin: ya sirantar da waya, ya zuba robar da aka narka sau biyu, ya rage dalma a cikin batir. Iya kuɗinka iya shagalinka.

Idan za ka yi oda, rubuta komai da lamba. A yi samfur biyu ku sa musu hannu, ɗaya a wurinka ɗaya a wurinsa. Bisa al'ada ana ba da kashi 30 cikin 100 kafin a fara aiki. Kada ka cika sauran sai wanda ka amince da shi ya buɗe kwalaye daga tsakiya da ƙasan lodi, ba na bakin ƙofa ba. Takardar shaidar inganci ta SONCAP da hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya (SON) ta ɓullo da ita a 2005 wajibi ce ga kayan wuta da makamantansu, sai dai samfur take shaida, ba kowane kwali ba. Kayan da suka biyo ɓarauniyar hanya ta daji kuwa ko ita ba su gani ba.

Tambaya: Ina gini, an kawo mini waya iri biyu duk an rubuta 2.5 a jiki, ɗaya kusan rabin kuɗin ɗaya. Mai wayarin ya ce in guji mai arhar. Da gaske yake ko lada yake nema? *Magidanci, Mabera*

Amsa: Malam, ka saurare shi. Wayar da ta faɗi rabin kuɗi, ɗayan uku ce: ko alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama, ko kaurinta bai kai abin da aka rubuta ba, ko tsawon bai cika ba. Wani lokacin duka ukun. Kuma kana iya gane su tun a shago.

Ka fere robar, ka kankare ƙarfen da wuƙa. Jan ƙarfe na gaske ja ne har ciki. In ka ga fari ya leƙo, alminiyam ce. Ka kunna laita a ƙarƙashin sili ɗaya: jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya a miƙe, alminiyam kuwa nan take za ta langaɓe ta sunkuya. In maganaɗisu ya kama ta, baƙin ƙarfe ne aka yi wa kwalliya.

Sai ka ɗora koyil ɗin a sikeli, don nauyi ba ya ƙarya. Mita 100 na waya mai 2.5 (wato faɗin bakin ƙarfenta murabba'in milimita 2.5) tana ɗauke da jan ƙarfe kilo 2.2, da robarta ta kai wajen kilo 3. Ta alminiyam ƙarfenta da ƙyar yake kai kilo ɗaya. Mai sili ɗaya kaurinta ya kamata ya kai milimita 1.78, in ka auna ka samu 1.4, wayar 1.5 ce aka sauya wa suna. Ka kuma tambaya mita ne ko yadi, domin yadi 100 mita 91 ne kawai.

Ga inda haɗarin yake, kuma shi ne ya fi damun mu. Alminiyam ba ta iya ɗaukar yawan wutar da jan ƙarfe mai kaurinta ke ɗauka. Ka sa hita da dutsen guga a layi ɗaya, waya ta yi zafi cikin bututu, ga zafin bazarar Sakkwato da ke haura digiri 40, saman silin ma ya fi haka. A bakin soket alminiyam takan saki a ƙarƙashin ƙusa, ta yi furfura, wurin ya riƙa ɗaukar zafi har roba ta narke. Burekar da aka sa don ta yanke wuta in ta yi yawa ba za ta faɗi ba, don wutar ba ta wuce lambarta ba. Wayar ce ta gaza. Shi ya sa gobara ke tashi cikin dare a gidan da aka ce an yi masa wayarin sabo. A wannan fanni wayar da ake ƙerawa a Najeriya ta yi suna wajen inganci, har ana buga sunanta a kan jabu, don haka ko ita ka kankare ka auna.

Tambaya: Ranka ya daɗe, mu dukawa ne gado. Fatar jar akuyarmu duniya ta san ta, amma takalmin roba na waje ya kore mu daga kasuwa. Ina mafita? *Baduku, Sakkwato*

Amsa: Allah ya yi wa sana'a albarka. Fatar nan ita ce ayari ke ƙetara Sahara da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Yau galibinta majemun Kano ke yi mata rabin jima, ta tafi Italiya da Sifen. Yanka da ɗinki da ƙawa, inda hannu ya fi yawa kuma kuɗi ya fi tsoka, a can ake yin su. Mu ba kamfani ne ya kwashe mana aiki ba, da kanmu muke raka shi tashar jirgi. Irin haka ta faru da auduga bayan masaƙun Kaduna, da suka faro a 1957, sun durƙushe.

Ba za ku ja da takalmin roba a farashi ba, amma kuna iya doke shi a ƙarko, domin fatar roba leda ce aka liƙa a kan ƙyalle, kuma zafi da gumi na sa ta sulluɓe. Sai dai gyara daga mahauta yake farawa. Wuƙa ɗaya da ta kauce wajen fiɗa tana sauke darajar fata. A zuba gishiri cikin 'yan sa'o'i, kimanin sulusi zuwa rabin nauyinta. In shanya za a yi, a inuwa, a rataye. Wadda aka shimfiɗa a ƙasa cikin rana bayanta ke ƙandarewa cikinta na ruɓewa, sai an jiƙa ta a majema ɓarnar ke fitowa.

A shago kuma, abu biyu ke mayar da mai saye baya: lamba da tafi. Lamba 42 ta yau ta zama daidai da 42 ta wata mai zuwa, wato a yi aiki da ƙafar gwaji mai lamba, ba da ido ba. Tafin kuwa a kankare fuska biyun da sanfefa, a shafa gam a kowacce, a bari minti 10 zuwa 15 har ya daina kama yatsa, sannan a haɗa a buga da guduma. Bayan haka a bi shi da ɗinki, domin gam kaɗai ba ya jure kwaltar Sakkwato da tsakar rana. Kafin kaya su fita, a goga farin ƙyalle mai laima a jikin fatar. In ya ɗauko launi, zai ɗauko a ƙafar wando da safar mai saye, sai a sake wanke ta a shafa mai.