Amsa ga mai tambaya kan aikin Erbil

Ɗan uwa, tambayarka ta fama min tsohon miki. Ka ce an samo maka aikin otal a Erbil, babban birnin yankin Kurdawa a arewacin Iraƙi, amma kana tsoron rikicin ɓallewar Kurdawa ya rutsa da kai. Ni ya rutsa da ni.

Ina garin ranar 25 ga Satumba 2017, lokacin da aka kaɗa ƙuri'ar raba gardamar da Masoud Barzani, shugaban yankin a wancan lokacin, ya kira. Gari kamar ranar sallah, tuta ko'ina, sama da kashi 90 cikin 100 suka zaɓi rabuwa da Iraƙi. Bayan kwana huɗu Bagadaza ta hana jiragen ƙasashen waje sauka a Erbil da Sulaimaniyya. A makon nan aka bugo min daga gida cewa jikin Hajiyarmu ya yi tsanani. Fasfona kuwa yana hannun maigidan da nake wa aiki. Sau uku ina zuwa ofishinsa, na ƙarshe har da durƙusawa, ya ce wa zai tsare masa wurina. Ko ɗago kai bai yi ba, yana ta danna waya. Ta rasu ina ɗakin wanke kwanuka, ƙanena ne ya faɗa min. Albashina na wata biyu ma ya cinye. Allah ya isa tsakanina da shi.

Don Allah kada ka ba kowa fasfonka, ko na kwana ɗaya.

Ranar 16 ga Oktoba sojojin Iraƙi da mayaƙan sa-kai na Hashd al-Sha'abi suka ƙwace Kirkuk mai rijiyoyin mai daga hannun Kurdawa, mutane suka yi ta kwararowa Erbil da katifu a kan motoci. Turkiyya da Iran ba za su taɓa yarda da ƙasar Kurdawa ba, kowacce tana da nata Kurdawan a gida. Amurkar da Peshmerga, wato dakarun Kurdawa, suka taya yaƙar ƙungiyar Da'ish (IS) ta naɗe hannu. Sai Maris 2018 jirage suka dawo.

Kurdawan da na zauna da su mutanen kirki ne wallahi. Wani abokin aikina ɗan Halabja, inda aka watsa musu guba a 1988, shi ya zauna da ni zaman makoki.

Lokacin da nake can cikin garin Erbil da kwanciyar hankali, amma ko a Janairun 2024 Iran ta harba makamai masu linzami can. Ka ajiye kuɗin tikitin komawa gida a dala. Ka tambayi ejan ɗinka ko bizar ta yankin ce kawai ko za ta kai ka Bagadaza, kuma ya rubuta maka amsar.