Da wane tsohon fim ya kamata a fara?

Malam, ka tambayi abin da ya sa masoya fim suke fifita tsofaffin finafinan jarumai masu ƙarfin ban mamaki da na dodannin sararin samaniya a kan na yanzu, da kuma wanda ya kamata ka fara kalla.

A ganina, sirrin yana cikin yadda aka haɗa su. A fim ɗin Alien na Ridley Scott, wanda ya fito a 1979, wani dogon mutum ne yake sanye da rigar dodon, saboda haka aka riƙa ɓoye shi cikin duhu, ana nuna haƙora ko jela kawai, sai tsoron ya ninka. The Thing na John Carpenter kuwa, na 1982, da hannu aka ƙera halittunsa. Bai yi kasuwa ba da farko, masu sharhi ma suka yi masa ca, sai daga baya kaset ɗin bidiyo ya farfaɗo da sunansa. A ɓangaren jarumai, ka fara da Superman na 1978, ka lura da yadda Christopher Reeve, wanda ya fito a matsayin Superman, yake sauya tsayuwa da murya ya koma wani mutum daban.

Kada ka auna su da aikin kwamfuta na yau, kuma ka duba shekara, domin akwai wani The Thing na 2011 da yake rikita mutane. Alien da The Thing na manya ne. Idan yaro ya kalla har ya kwashe makonni yana firgita cikin barci, a kai shi wurin likita.