Amsa: Masu tauna ganyen kat, su ma mashaya taba ne?

Malam, ka tambaya ko masu tauna kat, wato ganyen wani tsiro mai zaburar da jiki, sukan haɗa da taba. E, da yawansu, musamman maza.

A Yaman, bayan cin abincin rana ake zaman kat a ɗakin hira da suke kira mafraj, a yini ana tauna har almuru, sigari da lofen ruwa da suke kira mada'a na zagayawa. Akwai wanda ba ya taɓa karan sigari sai ganyen na kumatunsa, da zaman ya watse ya ajiye. Haka abin yake a Harar ta Habasha, da Jibuti, da Somaliya.

Dalilin a jiki yake. Sinadarin katinon da ke cikin ganyen da nikotin na taba duk suna zaburar da ƙwaƙwalwa, kowanne na jawo kwaɗayin ɗan'uwansa. Wasu sukan kwatanta kat da goro, amma ni ban yarda ba, ya fi goro ƙarfi nesa ba kusa ba, har Birtaniya ta haramta shi a 2014.

Haɗin biyun yana hawar da jini, yana kuma lalata dasashi. Mai son barin taba kuwa, in bai bar zaman kat ba, da wuya ya iya.